Faci ko Sabuwa? Jawabin Kwamitin Kula da Mota a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiyarmu



 

Ma'aji ta gama karanta lissafin shekara, kuma tun daga nan inda muke zaune mun ga fuskoki sun ɗan sauya da aka zo kan rabon riba. Rabon bana bai kai na bara ba. Wasu sun riga sun ji a gidan suna da gidan biki cewa wai mota ce ta cinye. To, gaskiya ne, mota ce, ko mu ce tayoyinta. Mu uku da kuka ɗora wa amanar kula da motar nan mu ne muka nemi a fitar da kuɗin, don haka mu ya kamata mu tsaya a gabanku mu yi bayani, har da inda muka yi kuskure.

Kowa a nan ta san yadda aka sami motar. Shekaru muka yi muna zubi kafin mu iya sayen wannan a-kori-kura, don mu huta da kuɗin dako. Ita ke ɗauko mana gyaɗa da wake da riɗi daga kasuwar Dawanau, ita ke kai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da taliya kasuwar Rimi da Ƙofar Wambai. Wadda ba ta fita ma, kayanta na fita a cikinta. Ran da motar ta kwana a gareji, gidaje da yawa a unguwar nan ba a kunna wutar suya.

Ga abin da ya faru. Ana tsakiyar zafin bazara, motar ta taso daga Dawanau da lodin gyaɗa. Wajen Mil Tara tayar baya ta hannun dama ta taka wani ƙarfe, ta fara sacewa. Direbanmu ya ji motar tana ja gefe, amma bai tsaya ba. Ya ci gaba da lallaɓawa a haka har kusa da Kurna, inda ya san wani mai faci da ke yi masa sauƙi. Daga nan ya kira mu a waya, ya ce, “Hajiya, ƙaramin abu ne, faci kawai za a yi.” Mu kuma ba mu tambayi inda hujin yake ba, ba mu tambayi nisan da ya yi a kan tayar da ba iska ba. Tambaya ɗaya muka yi: nawa ne? Da muka ji kuɗin kaɗan ne, muka ce a yi.

Bayan 'yan makonni, a kan wannan hanya ta Katsina, da lodi a baya da 'yan uwanmu biyu a gaba, tayar nan ta fashe. Motar ta yi tangal-tangal ta sauka daga kwalta. Allah ya kiyaye, babu babbar mota a bayansu. Buhuna suka zube, ɗaya daga cikin 'yan uwanmu ta bugu a kafaɗa, ta yi kwanaki ba ta iya ɗaga muciya. Tana nan zaune a cikinmu, ba sai mun kira suna ba. Duk wadda ta je duba ta ta san cewa da abin ya zo da ƙarar kwana, da yau ta'aziyya muke karɓa a wannan rumfa.

Washegari muka sa aka kawo mana tayar har soro, muka nemi wani dattijo mai faci da ya daɗe a sana'ar wajen Ƙofar Ruwa ya zo ya duba. Bai yi dogon magana ba. Ya juya ta, ya nuna mana facin, ya ce, “Hajiya, wannan ai ba wurin faci ba ne.” Sannan ya zura hannu ciki ya ɗebo wani baƙin gari kamar dusa ya zuba mana a tafin hannu. Ya ce wannan robar tayar ce da ta niƙe lokacin da aka yi tafiya a kanta babu iska. Tun ranar farko tayar ta mutu, facin rufe gawa kawai ya yi.

Abin da muka koya daga gare shi, da abin da muka bi muka tambaya daga baya, shi ne muke so mu ba ku yau. Gidaje da yawa a nan akwai mai adaidaita sahu, ko mai babur, ko mai ƙaramar mota. Tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, 'ya'yanmu da ƙannenmu da yawa suka koma adaidaita, wasu ma da kuɗin adashinmu aka saya musu. Maganar taya ta shafi kowace uwa a nan.

Da farko, yaushe faci yake da kyau? Kada wata ta tashi daga nan ta ce kwamiti ya ce faci haramun ne. A'a. Yawancin hujin da ƙusa ke yi ana gyara shi lafiya lau, tayar ta ci gaba da aiki har ta tsufa. Jefar da taya mai kyau saboda ƙusa ɗaya almubazzaranci ne. Amma sai abu uku sun cika. Hujin ya kasance a tsakiyar fuskar tayar, wato inda zane yake, inda take taka ƙasa. Faɗinsa kada ya wuce milimita 6, kamar kaurin fensir ɗin ɗan firamare ko ƙasa da haka. Sannan ba a yi tafiya a kanta babu iska ba.

In hujin yana gefen taya, wajen da rubutu yake, ko a kafaɗarta inda fuska ke lanƙwasawa ta gangara gefe, to babu faci. Mu mata ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wace ce ba ta taɓa yi wa wandon yaro faci a gwiwa ba? Kwana nawa yake yi? Wurin da ke lanƙwashewa kullum ba ya riƙe ɗinki. Haka gefen taya yake. Duk juyi ɗaya sai ya lotsa ya miƙe, ga shi ya fi fuskar siranta, kuma babu wayar ƙarfen da ke ƙarƙashin zane a wurin. Namu facin a kafaɗa aka yi shi.

Shi kansa facin iri biyu ne a tayar da ba ta da tub. Akwai wanda ake cusa wata igiyar roba mai danƙo daga waje, ba tare da an cire tayar daga wili ba. Yana da sauri, yana da araha, zai kai mutum gida. Amma wanda ya yi shi bai ga cikin tayar ba, bai san ɓarnar da ke ciki ba. Facin ƙwarai sai an cire taya, an duba cikinta da ido da hannu, an toshe hujin, sannan an manna faci daga ciki. In taya mai tub ce, kamar ta yawancin adaidaita, to bayan an yi wa tub ɗin faci sai a shafa cikin tayar a tabbata ƙusar ba ta maƙale ba, in ba haka ba kafin la'asar an dawo. Tub ɗin da faci ya hau kan faci kuwa, a haƙura da shi a sayi sabo, kuɗinsa bai kai na jinya ba.

Na biyu, yaushe ake haƙura da taya gaba ɗaya? In ta yi ƙulu ko kumburi a gefe, zaren da ke cikinta ne ya tsinke, kuma ba ya ɗinkuwa. In waya ta leƙo. In gefenta ya yi tsattsage kamar kaushin ƙafa lokacin hunturu. In zanenta ya suɗe. A cikin ramin zanen, masu ƙera taya suna sa wasu 'yan tudu ƙanana a tsakani. Ran da fuskar taya ta yi daidai da waɗannan tudu, saura milimita 1.6 ke nan, ta gama aikinta. Amfanin zanen shi ne korar ruwa daga ƙarƙashin taya. Da rani suɗaɗɗiyar taya za ta yaudare ka, tana tafiya sumul. Ran da aka yi ruwan Agusta kwalta ta jiƙe, ka taka birki, sai motar ta ci gaba da tafiyarta.

Na uku, shekarun taya. Wallahi mu kanmu ba mu san taya tana da ranar haihuwa ba sai bana. A gefen kowace taya akwai layin rubutu da ya fara da haruffan DOT, a ƙarshensa akwai lambobi huɗu, sau da yawa a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kin ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. In kin ga 0524, mako na 5 ne na 2024. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake buga su, sai an leƙa ta ciki. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana faɗakar da direbobi cewa su ɗauki shekara 4 daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya. Kamfanin Michelin kuma shawararsa ita ce, in taya ta shekara 5 a riƙa kai ta wurin masani yana dubawa duk shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da zanenta na nan. Ko wanne aka ɗauka, darasin ɗaya ne: roba tana tsufa ko ana aiki da ita ko tana ajiye. Mai tallan da ya bar robar ɗaure kaya a rana ya san haka, ran da ya ja ta sai ta tsinke a hannunsa.

Wannan ya kawo mu kan maganar da ta fi ɗaukar mu lokaci a kwamiti, wato tayar gwanjo, wadda ake kira Beljiyom. Ba za mu ɓoye muku ba, ra'ayinmu ya rabu. Ɗaya daga cikinmu ta ce kowa a garin nan gwanjo yake sawa, har manyan motocin haya, kuma da kuɗin sabuwa ɗaya za a iya samun gwanjo biyu. Ta ce mu duba halin da mata ke ciki, wata da wannan ribar za ta biya kuɗin makaranta. Maganarta ba ta banza ba ce. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, tayoyin motocinmu daga waje ake shigo da su, da dala ake sayo su. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yunin da ya biyo, kun ga yadda komai ya tashi, taya ma ba a bar ta a baya ba. Wanda ya sayi gwanjo ba don bai san daɗin sabuwa ba ne.

Amma da muka je kasuwa da kanmu, da wannan ilimi na lambobi huɗu, sai muka ga abin da ya sanyaya mana jiki. Tayoyi an wanke su, an shafa musu baƙi suna sheƙi, ka duba lamba ka ga wata ta girmi jikokinmu da ke firamare. Wata an kankare lambar gaba ɗaya. Dattijon nan ya nuna mana wata da ta suɗe aka bi ta da wuƙa mai zafi aka sake yanka mata zane, har an kusa taɓa waya. Ba mu ce duk mai sayar da gwanjo macuci ba ne, akwai masu tsoron Allah da za su gaya maka gaskiyar kayansu. Sai dai shi ma bai san tarihin tayar ba. Bai san ramin da ta faɗa a ƙasar da ta fito ba, bai san dalilin da ya sa mai ita ya cire ta ba. Kuma a sani, tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigowa da su ƙasar nan, ko da yake sun cika kasuwa.

Sai muka koma littafinmu, muka yi lissafin da kowace mai sana'a ta iya. Muka ɗauki kuɗin kowace taya da aka taɓa saya wa motar nan, muka raba shi da watannin da ta yi tana aiki, muka haɗa da kuɗin facin da ta ci da ranakun da ta kwantar mana da mota. Da muka gama, ita kanta 'yar uwar tamu ta ce a sayi sabuwa. Gwanjon da muke gani da araha, a wata-wata ta fi tsada. Iyayenmu sun faɗa, araha ba ta ado.

Don haka muka sayi sababbi biyu, muka sa su a baya inda nauyi yake, don ba a so a haɗa sabuwa da suɗaɗɗiya a layi ɗaya. Muka tabbatar masu harafin C ne a ƙarshen lambar girmansu, wato waɗanda aka yi don motar ɗaukar kaya. Ashe wadda ta fashe ta ƙaramar motar shiga ce, ba a yi ta don buhunan gyaɗa ba, mu kuma ba mu taɓa dubawa ba. Wadda ta rage mai lafiya muka mai da ita sifiya, domin tsohuwar sifiyar da muka sauko da ita babu iska a cikinta ko kaɗan. Muka sayi ɗan ma'aunin iska muka ajiye a motar. Nan kuɗinku ya tafi, rasit yana wurin ma'aji ga duk mai son gani.

Maganar iska, a taimaka a isar da ita ga masu tuƙi a gida. Akwai al'adar rage wa taya iska lokacin zafi wai don kada ta fashe. Abin akasin haka ne. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce ke yawan lotsawa, lotsawar ke haifar da zafi a cikinta, ga lodi, ga kwaltar Kano a watan Afrilu da zafin gari ke haura digiri 40. A nan ake samun fashewa. Cika ta fiye da kima ma ba daidai ba ne. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a littafin mota. Lambar da ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. A auna da safe kafin a fita, taya na da sanyi. Bugun ta da ƙafa ko da ƙarfe a saurari ƙara ba awo ba ne.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi mana nauyin faɗa. Da muka zaunar da direbanmu muka tambaye shi me ya sa bai tsaya a Mil Tara ba, sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Mama, ai ku kuka ce duk gyaran da bai kai na inji ba daga kasona za a cire.” Muka yi shiru, domin gaskiya ya faɗa. Mu muka kafa wannan doka da bakinmu a wannan rumfa, don kada a riƙa kawo mana rasit na ƙarya. Ba mu lura ba cewa mun sa yaro mai iyali ya zaɓi tsakanin cefanen gidansa da lafiyar taya. Ya yi kuskure da ya ci gaba da tafiya, mun gaya masa, ya kuma karɓa. Amma dokarmu ce ta tura shi. Mu kuma da ya kira, kuɗi kawai muka tambaya. Ga lodin ma, sau nawa muke cewa a ƙara buhu biyu don a huta da sawu na biyu? Laifin nan kowa ya samu rabonsa, namu na kwamiti ya fi yawa, muna neman afuwarku, musamman 'yar uwarmu da ta ji ciwo.

Saboda haka muna kawo wa wannan taro shawarwari huɗu, in kun amince a rubuta su a littafi yau.

Ɗaya, a soke dokar cire kuɗin faci da taya daga kason direba. Ƙungiya ce za ta biya. Shi kuma sharaɗinsa, da zarar ya ji taya ta sace ya sami gefen hanya mai aminci ya tsaya, ya sa sifiya, ya ɗauki hoton wurin hujin ya turo wa kwamiti kafin a yi komai.

Biyu, a buɗe asusun taya. Daga kuɗin kowane sawu a ware kashi ɗaya cikin goma a ajiye daban, ba a taɓa shi don biki ko rance. Taya ba ta mutuwa kwatsam, a hankali take ƙarewa a gaban idonmu. In muna tara mata kaɗan-kaɗan kamar adashi, ran da ta ƙare ba sai an taɓa ribar kowa ba.

Uku, a tsai da adadin buhunan da motar za ta ɗauka daidai da abin da aka rubuta mata, kuma ko Hajiya Shugaba ce ta ce a ƙara, direba yana da ikon cewa a'a. Hajiya, a gafarce mu, da ke muka yi misali don kowa ta ji.

Huɗu, duk ranar taron wata, biyu daga cikinmu su zagaya motar su duba tayoyi biyar ɗin, har da sifiya: zane, ƙulu, tsagewa, lamba, iska. Ba ya cin minti goma. Za mu riƙa juyawa don kowa ta koya.

Sannan roƙo ga iyaye mata. Yau in an koma gida, wadda ɗanta ko mijinta ke da abin hawa, ta ce ya nuna mata lambobin nan huɗu. Zai yi dariya, ya ce Umma yaushe kika zama makanike. Ki bar shi ya yi dariyarsa, ki dai sa ya durƙusa ya karanta. Tsofaffin tayoyin da aka cire kuma kada a bar su a tsakar gida ko kan soro da damina, ruwa na taruwa a ciki sauro ya yi gida. Kada a ƙona su a lungu, hayaƙin yana cutar da ƙirji. A kai wa masu yanka su suna yin takalma da igiya, su ma abincinsu ke nan.

Muna godiya ga dattijon da ya zauna ya koya mana bai karɓi ko sisi ba, da mazajen da suka bar mu muka shiga kasuwa muka gani da idonmu, da ku da kuka yi haƙuri da rabon bana. Allah ya ƙara wa 'yar uwarmu lafiya, ya tsare direbanmu da duk masu nema a kan hanya, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya nuna mana taron baɗi da rai da lafiya.

Hajiya Shugaba, mun miƙa shawarwarin nan huɗu gare ki don a ji ra'ayin 'yan uwa.